Muryoyin da Muka Tara wa Iya

Rugar Mudi, Doguwa
3 ga Yuli, 2023

Zuwa ga Gwaggo Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Ya damina? Mu nan lafiya lau, shanu ma lafiya, masara ta kai gwiwa.

Ba ki san ni ba. Sunana Bilal, ɗan Buba, jikan Iya Kaltume. Ina da shekara bakwai lokacin da kika zo ta'aziyyar kakana Baffa Mudi, abin da na riƙe kawai shi ne wata mata mai tabarau ta shafa kaina. Yanzu ina koyarwa a firamare. Babana ne ya ce in neme ki, tunda kin yi shekara talatin a gidan rediyo kina gabatar da shiri kina kuma haɗa shi da hannunki. Ba ni da lambarki, nan rugar ma babu sabis. Malam Adamu direba, mai kai hatsi Kano, ya ce ya san gidanki a Bebeji.

Gwaggo, kunnen Iya ne yake tafiya. Na dama ya daina ji tun bara, likita a Tudun Wada ya ce na hagun ma ba zai daɗe ba. Shi ya sa na bi 'ya'yanta da jikokinta, na kusa da waɗanda ke Bauchi da Taraba, kowa ya yi mata magana ta waya na tara. Na samu har da muryar Baffa Mudi a wani tsohon kaset. Na jera su a manhajar haɗa sauti a laftof ɗina, minti hamsin ne duka. Niyyata in zuba mata a memori ta ji a rediyonta tun tana iya ji.

To amma idan na danna fitar da aikin ya zama fayil ɗaya, wato ekspot, sai na'urar ta ce awa goma sha bakwai. Solarmu kuwa da daminar nan ba ta wuce awa huɗu. Laftof ya mutu, gobe in sake daga farko. Sau shida ke nan.

Ki taimake ni. Sannan, idan babu damuwa, ina so in sa taki muryar a ciki.

Ɗanki,
Bilal

Bebeji
8 ga Yuli, 2023

Bilal,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗinta. Ina lafiya, sai dai ido da ke ɗan yi mini hazo. Ka gai da Buba, ka ce masa na ga ya haifi mai rubutu mai kyau, abin da shi bai taɓa iyawa ba.

Mu ci gaba da takarda, ta fi waya a irin wannan aikin, sai ka ajiye ta a gefenka kana bi ɗaya bayan ɗaya.

Minti hamsin ba ya cin awa goma sha bakwai, ko da na'urar ta girme ka. Akwai abin da ka ɗora mata. Ka fara da waɗannan. Kada ka yi ekspot sai laftof yana jone da wuta, kuma ka kashe tsimin batiri, don idan yana kunne na'urar rabin ƙarfinta take ba ka. Kada ka fitar da fayil kai tsaye cikin memori, ka fara ajiye shi a cikin kwamfutar, daga baya ka kwafa. Na kuma san a kan tabarma ko katifa kake ɗora shi. Ka ɗaga shi a kan duwatsu biyu iska ta ratsa ƙasansa, zafi yana sa shi nawa.

Sai ka faɗa mini: layin sauti nawa ka buɗe a manhajar? Me ka ɗora wa kowane layi?

Da wane kunne ka ce tana ji? Har yanzu tana fita da nono, ko ta bari?

Gwaggonka,
Lubabatu

Rugar Mudi
14 ga Yuli, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙin idon. Babana ya yi dariya har ya yi tari, ya ce ba ki canja ba.

Wallahi kamar kina leƙo ni, a kan katifa nake ɗora shi. Na bi duk abin da kika ce, ya sauko zuwa awa goma sha ɗaya. Na gode, amma har yanzu rana ba ta kai ni.

Layi arba'in da ɗaya ne, kowane mutum da nasa, da sunansa a jiki. A kan kowanne na sa matacin hayaniya na kai shi ƙarshe, saboda wasu a kasuwa suka yi magana, wasu cikin shanu. Na ƙara da abin da ke sa murya ta yi amo kamar a masallaci, don na ji yana da daɗi.

Da hagu take ji. Ta bar fita da nono shekara huɗu ke nan, gwiwa ta hana, amma ita ke kaɗa mai har gobe, ba ta yarda da na kowa. Ranar Talata aka yi tsawa mai ƙarfi har maruƙa suka tsinke, ta ɗago kai ta ce, "Wa ya ya da ƙwarya?" Muka yi dariya, ita ma ta yi. Da na shiga ɗaki sai na kasa ci gaba da dariyar.

Ba ta san abin da nake haɗawa ba. Tana ganina da na'ura sai ta ce, "Malam, yau ma akwatin bai haihu ba?"

Gwaggo, ba ki ce komai ba a kan roƙona. Na buɗe layi na arba'in da biyu na rubuta sunanki, na bar shi babu komai, yana jira.

Ɗanki,
Bilal

Bebeji
19 ga Yuli, 2023

Bilal,

Salam. Ina lafiya. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, idon yau ba ya so.

Ga ɓarawonka nan. Matacin hayaniya shi ya fi komai nauyi, kai kuma ka sa arba'in da ɗaya suna aiki lokaci guda. Ka saurari kowace murya, wadda ta fita sarai ka cire mata shi. Wadda take bukata ka tace ta sau ɗaya, ka ajiye tatacciyar, ka cire matacin. Kada ka kai shi ƙarshe, yana mai da mutum kamar mai magana a cikin randa. Kukan saniya a bayan murya ba laifi ba ne, da shi za ta gane inda mutum yake tsaye.

Amon masallacin nan ka cire shi gaba ɗaya. Mai raunin ji murya busasshiya yake so, kusa da kunne. Tunda ba tare suke magana ba, ka jera su bi da bi a layi biyu ko uku.

Abu na ƙarshe, kuma ka riƙe shi da kyau. Abin da ka san ba zai shiga ba, ka goge shi. Kada ka tura shi gefe kana jira, shi ke ja maka lokaci.

Lubabatu

Rugar Mudi
25 ga Yuli, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya.

Na yi kwana huɗu ina bin muryoyin ɗaya-ɗaya. Sun koma layi uku, kuma gaskiyarki, sun fi fita yanzu. Na'ura ta ce awa biyar da rabi. Saura kaɗan rana ta ishe ni.

Maganarki ta ƙarshe ma na fahimta. Na goge layin da na sa wa sunanki. Ki yafe mini, ban san na takura miki ba. Ban san abin da ke tsakaninki da Iya ba, a gidan nan ba a zancen, ni kuma na shiga da ƙafar yaro. Ba zan ƙara tambaya ba.

Ɗanki,
Bilal

Rugar Mudi
13 ga Agusta, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Mako na uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Malam Adamu ya ce ya miƙa takardata ga wata mata a gidan, bai gan ki ba. Idan fushi ne ki yi haƙuri, idan kuma jiki ne ki sa a sanar da mu.

Ruwa ya tsare mu. Kwana tara rana ba ta yi fitowar kirki ba, hanyar Doguwa ma sai a tura babur a laka. Sau uku na gwada. Ranar Alhamis ya kai kashi tamanin da ɗaya, hadari ya taso, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon sama ina kallon na'ura har ta ɗauke.

Yanzu sai an matso dab da kunnen Iya take ji. Ta fara amsa "to" ga maganar da ba ta ji ba, don kada ta wahalar da mutane.

Na yi wani abu ba da izininki ba. Na gaya mata ina rubuta miki takarda. Tana kaɗa mai, sai ta tsaya. Ta ce, "Lubabatun Yaya?" Na ce ita. Sai ta ce, "Tana cin abinci kuwa? Ba ta son ci idan tana aiki." Na ce ban sani ba. Ta ce, "To me kuke rubutawa?"

Shi ke nan abin da ta ce. Na ga ya kamata ki sani.

Ɗanki,
Bilal

Bebeji
18 ga Agusta, 2023

Bilal ɗana,

Wa alaikumus salam. Ba fushi ba ne. An yi mini aikin yanar ido a Kano ranar ashirin da huɗu ga watan jiya, aka hana ni karatu. Tasalla matar ƙanin mijina ta ajiye takardunka a ƙarƙashin faranti, sai jiya na karanta su, duka biyun a zama ɗaya. Idon ya washe, alhamdu lillahi. An ce kada in bari ruwa ya shiga, kai kuma ka sa ya fito.

Ɗan nan, wa ya ce maka kaina nake nufi? Layin da babu komai a kansa ba ya cin lokaci, ko ɗari ka buɗe. Zancen na'ura nake yi. Masu koyo suna da wata ɗabi'a: idan suka yanki wani guntu ba su san yadda za su yi da shi ba, sai su ja shi can dama, nesa, su manta. Manhaja kuwa ba ta mantawa. A wurinta aikin bai ƙare ba sai inda guntu na ƙarshe ya tsaya, don haka duk shirun da ke tsakani sai ta bi shi ta fitar. Ka ƙanƙance allon har aikin gaba ɗaya ya bayyana, ka duba ƙarshen dama. Ina kyautata zaton za ka ga wani abu a can shi kaɗai.

Laifina ne da na ƙi amsa roƙonka har ka cike gurbin da kanka. Bari in gaya maka, tunda ba a zancen a gidan.

Babana yayan Iya ne. Uwata ta rasu ina da shekara huɗu, Iya ta ɗauke ni, a bayanta na girma tare da Buba. Ita ta tsaya aka bar ni a makaranta lokacin da kowa ke cewa ɓata lokaci ne. Da Baffa Mudi ya rasu ina wajen aiki a Maiduguri. Saƙo ya same ni da wuri, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ce bari in gama shirin da ke hannuna. Sai rana ta takwas na iso, an riga an yi sadakar bakwai an watse. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Da kin yi zamanki. Muryarki ta ishe mu, muna ji a rediyo."

Na kwana ɗaya na tafi. Na ce sai zuciyarta ta huce in koma. Shekara ta wuce, kunyar rashin zuwa ta ƙaru a kan ta farko, haka har goma sha tara. Ba wanda ya kore ni. Da ka ce in aiko da murya, sai na ji kamar in sake yi mata abin da ta yi kuka da shi.

Ka ce mata ina ci. Ba sosai ba, amma ina ci.

Gwaggonka,
Lubabatu

Rugar Mudi
24 ga Agusta, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya. Ki yafe mini gurguwar fahimtata. Jam tan, lafiya lau muke nan.

Minti goma sha huɗu, Gwaggo! Har na ɗauka wani abin ya lalace, na sake yi, minti goma sha huɗu.

Yadda kika faɗa haka na tarar. Can a awa ta tara akwai guntu ɗaya, ni na tura shi tun watan Mayu na manta. Daga kaset ɗin Baffa Mudi ne. A gaban kaset ɗin shi ne yake kiran sunayen shanunsa, wannan na sa. A bayan kuwa wata yarinya ce take cewa, "Jama'a assalamu alaikum, nan gidan rediyon Rugar Mudi, Lubabatu ke magana. Ga labarai. Saniyar Baffa ta haihu. Buba ya faɗa rafi." Sai a ji Iya daga nesa tana dariya tana cewa, "Ajiye masa akwatinsa ki zo ki ɗau ƙwaryar nan, 'yar rediyo." Na ji tsoron sa shi, na kuma kasa gogewa. Wannan karon ban bi umarninki ba. Na jawo shi na sa bayan muryar Baffa.

Jiya da hantsi na zaunar da ita a gindin ɗorawa, na sa mata abin ji a kunnen hagu na ƙure ƙara. Da farko ta ɗauka waya ce, tana amsa gaisuwar kowa, har tana yi wa Shamsiyya ta Taraba faɗan ta daɗe ba ta zo ba. Da Baffa ya fara kiran shanu sai ta rufe ido tana bin sa da leɓe, tana riga shi faɗin na gaba. Da yarinyar ta fito ta dafe abin jin da tafin hannunta. Ta ce in mayar. Sau huɗu na mayar.

Na gaya mata abin da kika rubuta, da bakina dab da kunnenta. Ba ta musa ba. Ta ce, "Na faɗa. Zafi ne, kuma ta cancanci ta ji. Amma wa ya ce mata maganar shekara goma sha tara ce? Ta kwana biyu ce." Ta ce duk Laraba ba ta taɓa barin shirinki ya wuce ta ba, har ranar da wata mai gabatarwa ta karɓe shi, sai Iya ta sa babana ya kai rediyon wajen mai gyara wai ya lalace.

Ban roƙe ki komai ba wannan karon. Zan tafi Tudun Wada ranar Lahadi, an tura mu bita ta mako uku. Na koya wa babana yadda ake mayar mata da sautin baya.

Ɗanki,
Bilal

Rugar Mudi
2 ga Satumba, 2023

Bilal,

Salam. Ya bita? Kada ka yi mamakin adireshin da ke sama. A ɗakinka nake rubutu, da bironka, kuma ɗakin yana bukatar shara.

Ranar Talata na biyo Malam Adamu har Doguwa, daga nan babur. Sau biyu muka sauka muka taka. Na iso da laka har ƙauri, ba irin shigar da na shirya ba. Tun daga Bebeji nake tsara abin da zan faɗa, na gyara na sake gyarawa kamar shirin da za a watsa.

Na same ta a zaune ta ba ƙofa baya, rediyo a cinya. Na yi sallama sau uku ba ta juyo ba. Buba ya ce, "Sai kin zagaya." Na zagaya na durƙusa. Ta dube ni, ta daɗe, ta ce, "Kin tsufa." Na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta ce, "Me?" Na matsa na ɗaga murya na sake faɗa. Ta girgiza kai, ranar kunnen ya toshe sosai saboda mura. Duk jawabin da na tsara ya tashi a banza, matan gida kuma sun taru suna kallo.

Sai ta miƙo hannu ta ɗora tafinta a maƙogwarona, ta ce, "Faɗi." Na faɗa. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Ta ce, "To, na ji. Tashi ki wanke ƙafa."

Tun ranar haka muke hira. Idan kunnen ya buɗe in yi magana ta hagu, idan ya ƙi ta ɗora hannu tana kallon bakina. Rabi take kamawa, sauran ta cike da abin da ta ga dama, kuma yawanci nata ya fi nawa daɗi.

Na saurari aikinka daga farko har ƙarshe. Muryar Shamsiyya ta yi ƙasa, akwai kuma inda ka yanke numfashin baffanka na Bauchi ya zama kamar ana korar sa. Idan ka dawo za mu zauna mu gyara. Ban da wannan, da kai ɗalibina ne da na yi alfahari da kai. Ko yanzu ma ina yi.

Ka nemi Malam Adamu ka ba shi saƙo wurin Tasalla: ta aiko mini da maganin ɗigawa na ido, da zannuwa uku, da takalmin roba. Ta ba maƙwabta kajina su duba. Na ce wa Iya ranar Asabar zan koma, ta dube ni ta ce ba ta ji ba. Na matsa ta hagu na maimaita, ta ce wannan kunnen ma yau ba ya ji.

Komawa dai sai an cire masara.

Gwaggonka,
Lubabatu